Doyar Aper da Motar da Na Durƙusar

Ni dai ba wanda ya aike ni. Da ƙafata na je garejin Safiyullahi bakanike na ce a rage wa motata tsayi. Shekarata arba'in da tara a lokacin, ina da 'ya'ya biyar da hawan jini, ina aiki a sakatariya a nan Lafia. Motar kuwa Fijo 504 ce fara, baiwar Allah, ba ta taɓa yi mini laifin komai ba.

Sababbin ma'aikatan da aka kawo mana ofis a 2004 su suka ja. Kowannensu da Hondarsa mai jan ciki a ƙasa. Wata rana muna fitowa ɗayansu ya dubi tawa ya ce, "Oga Abdulkahar, motar nan taka kamar ta naɗe wando za ta tsallake rafi." Aka yi dariya, har da ni. Sati guda maganar tana ci na.

Safiyullahi bai hana ni ba, abin da har yau ban yafe masa ba ke nan. Ya ɗauko wasu gajerun sifirin masu jan fenti da shokazoba huɗu a kwali, ya jera mini su a ƙasa kamar kayan lefe.

"Oga, in na ɗaura maka waɗannan, ko kwana ka sha ba za ta yi tangaɗi ba. Manne wa titi za ta yi."

"Ba za ta riƙa taɓa ƙasa ba?"

Da ya gama aikin sai ya durƙusa ya tura hannu ƙarƙashinta. "Ka gani? Dunƙulen hannu har da yatsu biyu. Ina ita ina ƙasa?"

Ya auna ta ne ba kowa a ciki, but ɗin wayam, ni kaina ina tsaye a waje. Mutumin da aka haifa a garin nan, wanda bai taɓa ganin Fijo ta yi tafiya ba kaya ba, shi ne ya auna mini mota haka. Ni kuma mai takardar digiri na gyaɗa kai na ce ya yi.

Da na isa gida matata Juwairiya ta zagaya motar sau ɗaya ta ce, "Baban Mardiya, tayoyin ne suka sace?"

"Yayi ne."

"To, Allah Ya sa yayin ya san hanyar gidan Aper. Asabar ɗin nan ce fa tafiyar."

Na manta shaf. Aper abokina ne, Tibi, manomin doya a wani ƙauye bayan Ashige. A can aka fara tura ni koyarwa ina saurayi, mahaifinsa ya ba ni ɗaki shekara uku. Tun daga nan, duk shekara in an tone doya sai na je, Aper ya loda mini mota da hannunsa. Dokarsa ɗaya ce: doyar da ya sa a mota ba ta komawa rumbu. Wani surukinsa ya taɓa mayar da guda biyar wai ta yi masa yawa. Shekara tara ke nan Aper bai amsa gaisuwarsa ba.

Daga kwalta zuwa ƙauyen akwai tudun rage gudu guda bakwai, waɗanda mutanen wurin suka tara a kan hanya saboda 'yan acaba. To, manoman doya ne. In ka ba su garma ka ce su tara ƙasa, tsayi ɗaya hannunsu ya sani, na kunyar doya. A tafiya motar ta goga ciki a kan kowanne, ƙirrr. Juwairiya ta dube ni, na ƙara muryar rediyo.

Aka ci aka sha, aka tambayi yara. Sannan Aper ya fara lodi. Manya-manya ya zaɓo, kowacce kamar cinyata. Ya cika but, ya koma kujerar baya. Ina tsaye ina kallon motata tana sunkuyawa a hankali, ina cewa, "Kai, an gode, Allah Ya ƙara yabanya." Matarsa, Mama Doose, ta ɗora buhun lemo a sama. Tayoyin baya suka shige ciki har ba a ganin samansu.

Tudun farko taki ashirin ne daga ƙofar gidan. Na sa giya ɗaya na hau a hankali. Gaba ya wuce. Sai ji na yi ɗam, motar ta zauna. Na taka mai, tayoyi suna juyawa suna watsa jar ƙasa, ita kuwa ta ɗora ciki a kan tudun kamar mai kwanci a kan ƙwai. Kafin in fito rabin ƙauyen ya taru.

Na roƙi a sassabe tudun kaɗan. Wani dattijo mai suna Ugondo ya ce sam, a daidai nan acaba ya karya wa matarsa ƙafa, tudu ba ya taɓuwa. Raina ya ɓaci. Na ce wannan wace irin hanya ce, na zagi 'yan acaba, na zagi Safiyullahi da garejinsa da jan fentinsa. Sai na buɗe but na fara sauke doya ina ajiyewa a bayan motar, ta ɓangaren gidan.

Na sauke ta huɗu ke nan sai ga Aper tsaye a kaina.

"Malam," in ji Aper. "Me kake yi?"

"Ragewa zan yi kaɗan."

"Ya ruɓe ne?"

"Haba, Aper."

"Ko ƙanana ne? Ka faɗa mini. Shekara ashirin da shida wannan mota da wanda ya riga shi suna ɗaukan doya na, ba su taɓa kuka ba. Yau ne ya yi nauyi?"

Mama Doose ta naɗe hannu a ƙirji. Fuskar Aper kuwa na san ta, ita ce wadda yake yi in an ambaci surukin nan. Doya ta biyar tana hannuna, na rasa inda zan kai ta. Ba yadda zan yi sai gaskiya, a gaban mata da tsofaffi da awaki.

"Ba laifin doya ba ne. Ni na sa aka rage wa motar ƙafa."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To don me?"

"Don ta yi kyau."

Aper ya daɗe yana kallon motar a kan tudun. "Wannan ne kyau ɗin?" Bai yi dariya ba. Idonsa ya koma kan doya huɗun da ke ƙasa, suna fuskantar rumbunsa.

Juwairiya ce ta fito daga mota. Ta gyara gyale, ta ɗauki guda ɗaya, ta haye tudun, ta ajiye ta a gaban motar. Ta dawo ta ɗauki ta biyu.

Aper ya bi ta da kallo. Can ya ce, "Wannan gaba ya tafi. Ba baya ba." Ya tuɓe riga. Samari suka matso za su kama, ya daka musu tsawa. "Ku bari! Ni na loda, shi ya yanke ƙafa. Mu biyu za mu yi."

Haka muka yi, sau bakwai. A sauke kaf, a tsallakar da hannu, in ja motar ta haye tana kuka, a sake lodawa. Da rana tsaka, ni da babbar rigata ta shadda. A tudu na uku na cire hula. A na biyar salansa ta faɗi, Aper ya ɗauka ya ɗora ta a kan lemo kamar ita ma kyauta ce. Duk inda muka tsaya sai ya bayyana wa masu wucewa da Tibanci, su dubi motar, su dube ni, su riƙe baki. Ban san yaren sosai ba, amma na gane ba yabona ake yi ba.

Da la'asar muka iso kwalta. Bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi ja. Na ce a raina, gobe Lahadi ko ba Lahadi ba, sai na tashi Safiyullahi ya mayar mini da tsofaffin sifirin ɗina, in kuwa ya ce mini "Oga" sau ɗaya Allah kaɗai Ya san abin da zai faru.

Aper ya goge gumi ya ba ni hannu, ya riƙe nawa ya daɗe bai saki ba. Yanzu kam dariya yake yi, har da hawaye. Sai ya tsayar da wata mata da ta taho da kwandon doya a ka za ta kasuwa, ashe ƙanwarsa ce. Ya zaro guda biyu mafi girma ya miƙo mini.

"Na wahala," ya ce.

Na dubi motar, na dube shi. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, na ɗora su a cinyar Juwairiya. Muka kama hanyar Lafia da giya biyu, ba salansa, duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo.