Tagar Rufin Malam Abdulghaffar

Malam Abdulghaffar ya yi shekara huɗu yana karatun Larabci a jami'a, ya ƙara biyu a kai. Saboda haka ranar da mai aikin gilashi ya hau saman gidan da suka kama haya a unguwar Waziriyya ta Jidda, bai ga dalilin da matarsa za ta yi masa tafinta ba.

Ɗakin a saman bene yake, da can wurin jibge tsofaffin katifu. Mai gidan, Abu Majid, ya shafa masa fenti, ya maƙala masa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai tari, ya ce ya zama ɗakin mutane. Taga ce babu. Ya kuma rantse ba za a fasa bango ba, don duk gefen da aka fasa tsakar gidan wani za a leƙa, inda matan mutane ke shanya. Sai dai a buɗe ta rufi, tunda a sama babu mai shanya.

Mai aikin ya auna, ya juyo ya ce, "Sabit?"

Matar tasa Zubaidatu, wadda aka haifa a unguwar Karantina nan Jidda, ta girma da Larabcin titi a bakinta, ta buɗe baki za ta yi magana. Malam ya ɗaga mata hannu. Kalmar nan ya san ta har tushenta, ya taɓa cika shafi uku a kanta a jarrabawa: abu tabbatacce, mai ƙarko, wanda ba ya girgiza. Wa zai so tagar da ke girgiza a kansa?

"Sabit," in ji shi. Har ya gyara wa mutumin furucin harafin farko.

A bakin masu aikin Jidda kuwa, sabit gilashi ne da ba ya buɗewa.

Haske dai an samu, ba a yi musu rowa ba. Daga hantsi rana takan sauko ta kwanta a kan katifa, mai kusurwa huɗu kamar darduma, ta rarrafa zuwa ledar ƙasa, ta hau kwanukan abinci, ta ƙare a kan littattafan Malam, waɗanda bangonsu ya fara lanƙwashewa. Su kuma suna ja da baya, suna ba ta wuri. Mukayyif ya yi ta tari. Tattabarun unguwa suka gano gilashin, suka mai da shi abin da tattabaru ke mai da komai.

Ga shi Malam ba shi da wurin zuwa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, takardun komawa hannun sabon kafili, ubangidan da zai tsaya masa, suna wani tebur ana cewa gobe, kuma an gargaɗe shi kada ya riƙa yawo har su fito. Iyakar tafiyarsa masallacin layi.

Ran nan da azahar Zubaidatu, da cikinta na wata bakwai, tana zaune a lungun da ya rage da inuwa, ta ce, "Ya ustaz, Ummi ta ce in taho gida Kurayyat."

"Goyon ciki ai da saura."

"Da saura a littafi. Dubi ƙafata."

Ya duba. Ta kumbura kamar an hura.

Ya san abin da tafiyar ke nufi. Saura wata biyu, da kwana arba'in na wanka, ga hanyar Kurayyat ba ta rasa masu tambayar takarda. Shi da rana za a bari su biyu.

"Ki ba ni kwana uku."

Ya hau kujera ya tura gilashin da tafin hannu, ya ƙone. Ya liƙa kwali, ɗakin ya yi duhu, zafin bai ji labari ba. Rana ta uku ya sauko daga kujerar, ya daɗe yana goge wuya, sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wai wanda ke buɗewa, yaya suke ce masa?"

"Na'am? Ban ji ba, ya duktur."

"Kin ji."

"Mutaharrik."

"Wannan ai na sani! Harafi mai wasali ke nan."

"To ga shi nan, ka zauna a ɗaki mai ɗauri."

Ita ya miƙa wa wayar ta kira mai aikin. Ya tsaya yana saurare, Larabcin na gudu, yana kama kalma ɗaya cikin uku. Mutumin ya ce zai iya cirewa, amma sai an ɓamɓare kwaltar da ke hana rufi yoyo. Suka kira Abu Majid. Ya ce rufinsa an taɓa shi sau ɗaya, kuma wanda ya zaɓa malami ne, a gabansa aka yi. Halas.

Da la'asar yayanta Nasir ya zo da mota. Malam ya sauko mata da jaka hawa huɗu, ya sa a but. Nasir ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Yalla, Malam, shigo mana, ko raka ta ka yi."

Malam ya dubi bakin layi, inda titi ya fara. Ya ce yana da ɗan nazari a sama.