Babin da Ba Ita Ta Rubuta Ba

Shekara uku Yoriko ta yi tana rubuta labari guda a fadar Heian. Tana cikin matan da ke yi wa Gimbiya Sumiko hidima, ba mai yawan magana ba ce, amma in ta kama alƙalamin gashi ta tsoma a tawada, babu na biyunta. Kafin ita, labaran aljanu da dodanni ake rubutawa. Ita kuwa mutane ta rubuta, da tsoronsu da ƙaryarsu, har kowa ya koma neman kansa a ciki. Duk babin da ta gama a bayan asabari ake karanta wa Gimbiya, sannan a kwafa ya zaga gidajen manya.

A cikin labarin akwai wani bafade da aka yi wa sharri aka kore shi zuwa tsibiri. Ba wanda bai gane shi ba. Wan Yoriko ne, Harusue, wanda Waziri Tokiharu ya sa aka kora, kuma a watan nan jirgin ruwa zai ƙetara da shi.

Wata rana da la'asar, ana ruwan da ya kwana shida bai ɗauke ba, Waziri ya zo wurin Yoriko da kansa. Ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya zauna a wajen asabari, ya turo akwati ta ƙarƙashi, cike da farar takarda mai kauri irin wadda Gimbiya ma ba ta samu.

"An ce takardarki ta kusa ƙarewa," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ta fi ƙarfina."

"Ai hannunki ya cancanta. Matan gidana sun hana ni sakat, wai me zai sami korarren nan?" Ya yi 'yar dariya. "Ni dai a ganina teku ba ta da kirki a wannan watan. In jirginsa ya kife, babin zai yi daɗi. Mutane na son abin kuka."

 Yoriko ta ce, "Ban yi niyyar kashe shi ba, ranka ya daɗe."

"To, ki yi tunani," ya ce, ya miƙe.

Tsuneko, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ɗakin Gimbiya, ta ji komai. Ta matso tana raɗa. "'Yar nan, rubuta masa abin da yake so. Ke kina tsammani shawararki ya zo nema? Ya riga ya gama shirinsa, so yake zukata su saba kafin labari ya iso."

"Iya, da hannuna zan nutsar da Yaya?"

"Da hannunki ko ba da hannunki ba."

Yoriko ba ta taɓa akwatin ba. A bayan tsofaffin wasiƙu ta rubuta babin: jirgi ya isa lafiya, masunta suka ba korarren bukka, yana shanya gishiri yana koya wa 'ya'yansu rubutu. Ta miƙa wa masu kwafa.

Bayan kwana goma tana wucewa ta baranda ta ji kuka a ɗakin wasu mata. Ta leƙa. Babi suke karantawa a kan farar takarda mai kauri, da rubutu kamar nata, har yadda take jan wutsiyar baƙi. A ciki iska ta taso, jirgi ya rabe biyu, washegari aka tsinci hular korarren a bakin gaɓa.

"Kai Yoriko, ba ki da imani!" in ji wata tana share hawaye. "Amma fa ya yi daɗi."

"Ba ni na rubuta ba."

Suka yi dariya, suka ce kunya ce irin ta gwanaye.

Kwana huɗu bayan haka manzo ya iso daga bakin teku da labarin Harusue ya nutse a teku. Babu wanda ya tambayi wane ne matuƙin jirgin, ko me ya sa shi kaɗai ya nutse. Cewa kawai aka yi, abin mamaki, kamar yadda ya zo a labari.

Yoriko ta nemi izinin Gimbiya, ta hau dutse zuwa gidan ibada, aka yanke mata gashin da ke jan ƙasa, alamar ta rabu da duniya. Ba ta ƙara riƙe alƙalami ba. Amma labarin bai tsaya ba, babi na fita da sunanta duk wata.

Da lokacin kaka ya zo, Tsuneko ta hau dutsen da sandarta, tana haki. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta zaro takarda daga ƙirjinta ta ce, "Babin jiya ne. An shigo da wata sabuwa cikin labarin, marubuciya ce da ta koma gidan ibada." Ta dubi yarinyar da ke shigowa da kwanon shinkafa, sannan ta rage murya. "A ƙarshen babin ta fara ciwon ciki. Wa ke dafa miki abinci a nan?"