Ɗan Fari a Hanyar Tagwai

Duk wanda ya san Ya'u mai keke napep a unguwar Tunga ta Minna zai gaya maka mutumin kirki ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Yana kai mai ciki har ƙofar gida, yana taya tsofaffi ɗora kaya. Sai dai mutumin kirkin nan shekara shida ke nan yana wuce mahaifiyarsa a kan titi, ita a ƙasa da ƙwaryar nono a ka, shi a inuwar rumfar kekensa.

Yana da hujja, wa ya rasa ta? Shi ne ɗan fari, Inna Aishatu kuwa tana cikin matan Fulanin da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Yana ƙarami "wancan" ne, da ya samu abin hawa ya koma "mai keke". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, in da magana sai ta bi ta bakin ƙanwarsa Basira, ko da su ukun a tabarma ɗaya suke zaune. Makon da ya fara aikin ya tura Basira ta ce mata zai riƙa kai ta gari. Inna ta ce ƙafarta lafiya lau. To, ko yaro a dangin ya san "a'a" ta farko ba amsa ba ce, kawaici ne. Sai an sake tambaya, an kuma sake. Ya'u ma ya sani sarai. Amma safiya lokacin 'yan makaranta da ma'aikata ne, faɗuwa ta zo daidai da zama, bai ƙara tayar da zancen ba.

Haka Inna ta ci gaba da takawa daga gidansu na wajen madatsar ruwan Tagwai zuwa Tunga, gida gida, kindirmo da man shanu a ka, rani da damina. In ya hango ta sai ya kawar da kai gefe. Wai don kada ya ba ta kunya.

Wata Talata a cikin Afrilu, lokacin da zafin Minna yake sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa, wata mata ta ɗauke shi shata daga Tagwai. Kifi ta saro, tana ta azalzalarsa kada rana ta lalata mata shi. Suna cikin tafiya ya hango Inna a gindin wani mangwaro a bakin hanya. Ƙwaryar tana ƙasa. Ita kuma tana tsaye a ranƙwafe, ta dafe ƙugu. Bai taɓa ganin ta sauke kaya a tsakiyar hanya ba, har ya sassauta gudu. Mai kifi ta ce, "Malam, me kuma?" Sai ya kawar da kai yadda ya saba, ya ƙaro rediyo, ya wuce. Ya ce wa ransa hutawa take yi.

Bayan la'asar Basira ta kira shi a waya. Hamma take ce masa, wato yaya da Fulatanci.

"Hamma, ka zo gida. Inna ta kasa miƙewa. Kudu ne ya tsince ta a hanya ya kawo ta."

Kudu abokin aikinsa ne, Banufe, layinsu ɗaya a Tunga. Ya'u ya sauke wayar daga kunne. Kunya ta kama shi, ba irin ta al'ada ba, irin wadda take sa mutum ya tsani kansa.

Kafin ya wuce gida ya biya ya ɗauko Magdalina, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ta yi ritaya. Fiye da shekara goma tana sayen kindirmon Inna, kuma ba ta da tsoron faɗa wa kowa gaskiya. Da suka isa ta shige ɗaki kai tsaye. Ya'u ya tsaya a bakin ƙofa bayan asabari, iyakarsa ke nan, yana jin komai.

"Mama, ɗaga wannan ƙafa. Yauwa. Ɗayan. Kina jin inda na taɓa? Fitsari fa, yana riƙuwa?"

Inna ta amsa ƙasa-ƙasa. Da aka zo juya ta sai ta saki wani nishi, ta yi maza ta haɗiye shi domin ta san wanda yake ƙofar. Haɗiyewar ta fi nishin yi wa Ya'u ciwo.

Can Magdalina ta fito riƙe da silifas ɗin Inna, ta ɗaga shi saitin hancinsa. Dunduniyar ƙafar dama ta cinye har ana ganin haske ta ciki, maɗaurin kuma da guntun waya aka ɗaure shi.

"Oga Ya'u, ka ga wannan? Ƙafa ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kaya a kai, rana a kai. Ta ce ko ruwa ba ta sha a hanya, wai kada ta nemi bayan gida a gidan mutane. Ko jaki ne bayansa zai riƙe."

"Ƙashi ne?" in ji Ya'u.

"Ban ga alamar ƙashi ba. Naman ƙugu ne ya gaji ya ɗaure. Amma ka ji ni da kyau. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti, ba jira."

Ta kira Basira ta nuna mata yadda za ta gasa ƙugun da tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma. Ta ce kada a bar Inna ta wuni a kwance don tausayi, kwanciyar ce za ta ƙara sandarar da ita. Gobe a kama ta ta ɗan zaga tsakar gida da sanyin safiya, in ta kwanta a sa mata matashi a ƙarƙashin gwiwa. A saya mata takalmi mai taushin ƙasa wanda yake kama dunduniya. Gorar ruwa kuma ta zama 'yar rakiya.

"Amma wannan doguwar tafiya da kaya ta ƙare," in ji Magdalina. "Ta zaga cikin unguwa da ƙaramar ƙwarya, ba laifi, tafiya ma magani ce. Daga nan zuwa Tunga kuwa sai a abin hawa. In ta koma takawa, wata rana za ta kwanta ba ta tashi ba." Ta juya ta kalli keken da yake tsaye a ƙofar gida, ta kalli Ya'u. "Wannan na haya ne kawai? Ba ya ɗaukar uwa?"

Basira ta sunkuyar da kai tana wasa da tsumman.

Bayan ya mayar da Magdalina ya dawo, ya durƙusa a bakin ƙofar. Basira tana ciki.

"Basira, ki ce mata na gan ta ɗazu a gindin mangwaro. Ki ce mata na gani na wuce. Ta yafe mini."

Basira ba ta maimaita ba, ai ɗakin ba shi da girman da za a ce Inna ba ta ji ba. Inna ta juya fuskarta bango. Ya daɗe a durƙushe har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ya tashi ya fita.

Kwana takwas aka yi ana gashi. Jiki magayi, Inna da take raina ruwan ɗumi ta koma ita take tuna wa Basira lokaci ya yi. Ta fara zaga tsakar gida dafe da kafaɗar Basira, sannan da sanda, sannan ita kaɗai har wajen turken maruƙa. Ya'u ya kawo takalmi mai igiya irin na 'yan motsa jiki. Ta sa aka ajiye shi a bayan ƙofa, kwana biyu ba ta dube shi ba, a na uku aka gan shi a ƙafarta. Ya'u ya ji daɗi har ya fara ganin kamar an wuce wurin.

Sai ya soma roƙon da ya kamata ya yi tun shekara shida, na ta riƙa hawa kekensa. Ranar farko ta ce ƙafarta lafiya lau. Rana ta biyu ta ce a bar mai keke ya je nemansa. Rana ta uku ya zo da sassafe, ya wanke keken tas, ya shimfiɗa sabon darduma a kujerar baya, ya tanadi igiyar da zai ɗaure ƙwarya. Inna tana zaune a kujerar tsuguno tana naɗa gammo, Basira a gefenta, ba ta ɗago ba.

"Ki ce wa mai keke na ji maganar Magdalina. Zan riƙa hawa."

Ya'u ya miƙe da sauri, bakinsa har kunne.

"Ki ce masa ya turo mini Kudu."

Ya tsaya turus. Ya jira ko za a ƙara wani abu, ba a ƙara ba. Ya fita ƙofar gida ya jingina da keken, Basira ta biyo shi.

"Ai na roƙi gafara," ya ce. "Kunyar ce har yanzu? Ko fasinja ba ya kallon fuskar direba, bayana kawai za ta gani."

Basira ta kalli ƙasa, kamar mai auna ko ta faɗa ko ta bari.

"Ba kunya ba ce, Hamma. Ranar nan ta ɗaga maka hannu."

"Ban gani ba. Wallahi ban gani ba, na riga na juya kai."

"Ta sani. Da ta ga ka juya sai ta kira ka." Basira ta goge ido da bakin mayafi. "Da sunanka ta kira ka, Hamma. Sau biyu, a kan titi, mutane suna ji."

Ya'u ya tuna rediyon da ya ƙaro a ranar. Shekara talatin da huɗu yana duniya, bai san yadda sunansa yake fita a bakin mahaifiyarsa ba, kuma ya san ba za a sake ba. Daga cikin gida ya ji ƙarar faifai ana rufe ƙwarya, rana tana ɗagowa, nono ba ya jira. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya nemo lambar Kudu.