Da Sauƙi, Likita

Ranar da Yaya ya yi masa gyaran fuska bai yanke shi ko sau ɗaya ba, ranar Auta ya san da matsala.

Auta mai walda ne. Ya ba arba'in baya, furfura ta fara cin gemunsa, amma a gidansu har gobe Auta ne. Yaya babban wansa ne, mai shagon aski a bakin titi: kujera ɗaya mai juyawa, madubi ɗaya, da bencin masu jira wanda yanzu ƙudaje ne ke jira a kai.

Shekarun baya ciwo ya kama Yaya, ba na jiki ba. Ya fara cewa mutanen cikin madubi suna zancensa, har ya ɗauki tawul ya rufe madubin. Daga nan barci ya ƙaurace masa, ya bar wanka, ya bar cin abinci. Auta da matar Yaya suka kai shi asibiti, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa. Aka kwantar da shi, aka sallame shi da magani. Maganin ya yi aikinsa, muryoyin suka yi shiru, tawul ya koma kafaɗa. Sai dai ya taɓa hannu. Yatsun Yaya suka yi tauri, hannun ya kama rawa. Masu zuwa aski suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, suka koma shagon wasu samari a gaba. Auta ne kaɗai bai zame ba. Duk mako yakan kai kansa, ya zauna, ya tashi da auduga a haɓa. A wurin aiki har tsokanarsa ake yi, wai shi da ke wasa da wuta ba ta ci shi ba, reza ce ke cin sa.

To yau ga reza tana tafiya sumul, layin gemu ya fita tsaf kamar da. Auta ya ɗaga ido zai duba fuskarsa, sai ya ga rabin madubin a rufe.

"Yaya, wannan tawul fa?"

"Shanya na yi."

Tawul ɗin a bushe yake ƙayau. Auta ya kakkaɓe rigarsa ya wuce gidan Yaya.

Ya tarar da matar Yaya tana wanki a tsakar gida, kumfa har gwiwar hannu.

"A'a, ƙaramin miji, yau an yi kyau. Wa za a je gani?"

"Tun yaushe ya daina shan maganin?"

Ta tsaya da cuɗa rigar. Ta ce, "Ni ma a aljihun wandonsa nake ganin ƙwayoyin in na zo wanki. Sun jiƙe, sun narke. Na yi magana, ya ce in kama kaina. Wai ko hankali ko hannu, ɗaya zai zaɓa, kuma hankali ba ya ciyar da gida."

"Ba ki gaya wa likita ba?"

"Ni nake shiga? Kai kake kai shi. Me yake ce mata?"

Auta ya zauna a kan bokitin da ke kife. Me yake ce mata? Abin da kowa ke cewa. Kowane wata in sun je, likita za ta ce, "Ya jiki?" Yaya ya ce, "Da sauƙi." Barci fa? Da sauƙi. Maganin ba ya damun ka? Da sauƙi. Hannayensa kuwa suna ƙarƙashin cinya, ya danne su. Ita ta rubuta irin na wancan watan, shi Auta yana tsaye a baya yana gyaɗa kai. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Haka aka tashe su: mutum ya gaishe ka da jiki, ba ka zazzage masa kayan cikinka. Mahaifinsu ma, da safen ranar da ya rasu, da sauƙi ya ce.

"Jibi ne ranar asibiti," in ji matar Yaya. Ta koma kan wankinta. "Ni dai na gaji, Auta. In aka koma irin ta da, ban san ko zan iya ba."

Ranar asibiti suka yi sammako a babur, amma duk da haka sun tarar da benci cike. Wata mata daga ƙungiyar masu taimakon irin waɗannan majinyata tana zagawa tana cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane, kada a ji kunya, a yi magana. Auta ya sha jin wannan, a nan da kuma a rediyo. Kowa cewa yake a yi magana. Ba wanda ya taɓa faɗin yadda ƙane zai ƙaryata wansa a gaban baƙo. Ya kasa kunne ga bencin. Wannan ya gaida wancan, da sauƙi. Wata tsohuwa da ɗanta ke ta dariya shi kaɗai, da sauƙi. Da maganar bencin nan gaskiya ce, da tuni an rufe asibitin.

Rana ta yi tsaka kafin a kira su. Likitar yarinya ce, idonta ja don gajiya, fayil-fayil a gabanta sun kai mata ƙirji.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Biro ya riga ya fara tafiya. Auta ya dubi ƙeyar wansa, ya dubi biron.

"Ba sauƙi, likita."

Yaya bai juyo ba. "Auta."

"Ba sauƙi. Ya daina shan maganin. Ya fara rufe madubi."

"Kai, ni na goye ka fa. Ni na wanke maka kashi."

"Ka wanke. Shi ya sa."

Likita ta ajiye biro. "Baba, me ya sa ka daina?"

Yaya ya zuba wa bango ido.

"Mene ne aikinka?"

"Aski."

"Hannunsa ke rawa in ya sha," in ji Auta. Ya matso, ya ɗaga haɓarsa zuwa hasken taga. Tabon reza ne birjik, tsofaffi da sababbi, daga kunne zuwa kunne. "Ga shi nan, ki duba. Ni kaɗai na rage masa."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Ta cire tabarau ta murje idonta. "Ai ana iya canza shi. Ba shi kaɗai ne magani ba. Da kun faɗa, da tuni mun gwada wani. Baba, in na ce maka ya jiki, ba gaisuwa nake yi ba."

Sai a lokacin Yaya ya dube ta. "To me kike yi?"

"Tambaya nake yi."

"Ai sai ki ce tambaya ce."

Likita ta ja fayil ɗin ta koma shafin farko. Wannan karon ta daɗe tana tambaya, kuma ba ta ƙara cewa ya jiki ba. Muryoyin nawa ne, me suke cewa, ƙarfe nawa yake barci. Yaya yana amsawa a gajarce, kamar ana zare masa haƙori. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce sabon zai iya sa shi barci da yawa, zai ɗauki lokaci kafin a san inda aka dosa, kuma su dawo da wuri, kada su jira wata.

A hanyar komawa Yaya bai riƙe shi ba, ƙarfen bayan babur ya kama. Da ya sauka a ƙofar gida ya ce, "Ka tsiraita ni a gaban 'yar da na haifi kamarta."

"Na yi."

"Kada ka ƙara zuwa min shago."

Auta bai je ba. Bai kuma je shagon samarin ba. Gemu ya taru, gashi ya cukurkuɗe, 'yan wurin aiki suka sake masa sabuwar tsokana. Ranar komawa asibiti ya je ya ɗauki Yaya, suka je suka dawo ba wanda ya ce uffan. Labari daga matar Yaya yake samu: yana sha, a gabanta yake haɗiyewa, amma sai rana ta ɗaga yake buɗe shago, yana hamma kamar wanda ya kwana dako.

Wata rana da yamma ya gaji da ƙaiƙayin gemu, ya bi ta shagon. Madubin a buɗe yake. Benci babu kowa. Yaya yana goge kilifa da burushi.

"Dube shi kamar wanda ya tsere daga asibitinmu," in ji Yaya. "Zauna."

Auta ya zauna. Aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ya ji yatsun a kan kumatunsa, suna ɗan rawa, amma ba kamar da ba. Reza ta bi gefen dama lafiya. A hagu, kusa da kunne, ta ɗan cije shi.

"Ya jiki?" in ji Auta.

"Gaisuwa ko tambaya?"

"Tambaya."

Yaya ya yago auduga, ya tsoma a sifirit. "Barci ya yi yawa. Bakina yana bushewa. Da safe nakan ji su kaɗan, daga nesa, ba na gane me suke cewa. Hannun kuwa ka ji da kanka."

"Haka za ka ce mata."

"Kai ka ce mata, tunda kai ne mai bakin." Ya danna masa audugar da ƙarfi fiye da yadda yankan ke bukata. "Daina motsi, ban gama ba."