Diyyar Babana a Dalar Ostareliya

Ranar da Kemuwel ya gama haɗa abin canjin kuɗi a shagonmu, sai da ya tara kowa a ƙarƙashin rumfa. Ɗan Baffa Batolomiu ne, ƙanin babana. Tun da ya dawo daga Honiara, babban birnin ƙasarmu, da kwamfuta ya buɗe mana shago a intanet, muna sayar da sarƙoƙi da 'yan kunne na ƙwanson teku. Mata na fasa ƙwanson suna gasawa a kan duwatsu har ya yi ja, ni ina hudawa, maza na gogewa. Shi kuma aikinsa danne-danne.

"Wata takwas shagon nan yana barci," in ji shi. "Kun san dalili? Bature ya ga dala ɗari biyu, bai san ko nawa ba ne a kuɗinsa, sai ya wuce. Wa ya san dalar Solomon a duniya? To ku duba yanzu."

Ya danna wata 'yar tuta a saman shafin. Sarƙar dala ɗari biyu ta koma talatin da shida na Ostareliya. Ya sake dannawa ta koma yuro, ya sake ta koma kuɗin Japan, lambobi rututu.

"Kai, ɗan nan, bar shi a na Japan ɗin," in ji Baffa, yana tsartar da jan yawun bilnat, irin goron da muke taunawa, cikin ruwa. "A nan ne na ga kamar mun yi arziki."

Aka kwashe da dariya. Gaskiya abin ya yi aiki. Cikin mako guda na naɗe saƙo goma sha biyu, har da na wata mata a Jamus.

A shafin farko na shagon akwai hoton tafuliae ɗinmu, kuɗin gargajiya. Sili goma ne na jan ƙwanso, tsawonsa gaba biyu, da jan ƙyalle a bakinsa. Shi ne diyyar babana, Filimon. Shekara takwas ke nan, da sassafe cikin ruwan sama, kwalekwalen injin Sailas Maelasi ya bi ta kan na babana a hanyar kasuwar Auki, a nan babana ya rasu. Dangin Sailas suka kawo tafuliae ɗin, suka shimfiɗa shi a gaban coci, aka yi addu'a, aka yanka alade, aka gaisa. Daga ranar mazanmu suka daina ɗaukar adda idan za su wuce ta tsibirinsu. Bayan Inna ta rasu, tafuliae ɗin ya dawo akwatina, don ni kaɗai babana ya haifa.

Lokacin da Kemuwel ke buɗe shagon ya are shi don ya ɗauki hoto, wai ado ne kawai. Da shafin ya ƙi karɓar hoto babu farashi, sai ya rubuta dala dubu goma. "Ko mahaukaci ba zai saya ba," haka ya ce min. Ni ma na yarda. A nan da wannan kuɗin sai ka sayi sababbi biyar.

Ranar Alhamis ina zaune ina huda, na ji ihun Kemuwel.

"Baba! Baba! An saye babban!"

Baffa ya taso da gudu, zanensa na neman kwancewa. Wani mutum ne a birnin Melbourne na Ostareliya. Shi bai ga dubu goma ba, dubu ɗaya da ɗari takwas ya gani a kuɗinsu, ya danna, ya biya. Kemuwel ya ce irin su, da wannan kuɗin kujera kawai suke saye.

Na ajiye abin hudar. Na ce, "Yaya, ai ba na sayarwa ba ne."

"Na sani, Merilin, na sani. Mantawa na yi na cire shi. Amma ya riga ya biya. Idan na soke, tauraro ɗaya cikin biyar zai ba mu a shafin, kowa ya gani, shagon ya mutu." Ya juyo da kwamfutar wajena, alhali ya san Turancina bai taka kara ya karya ba. "Kuma rubutuna ne ya ja shi. Ji abin da na sa a ƙasan hoton." Ya karanta, yana fassarawa, yana washe baki. Wai kuɗin jini na gaske, wanda aka biya a kan ran mutum, ba irin na 'yan yawon buɗe ido ba.

Ashe ba mantuwa ba ce. A makon nan ya rubuta wannan.

"Bai ƙare ba," in ji shi. "Ya turo saƙo. Idan muka haɗa masa da hoton mamacin, da takarda mai sa hannun wani daga iyalin, zai ƙara ɗari biyar. Nasu fa, ba namu ba."

"Nawa ke nan a namu?" in ji Baffa.

Kemuwel ya danna tutar. Baffa ya leƙa, ya yi fito.

Na dubi Baffa ina jiran ya daka masa tsawa. Shi ne fa ya karɓi tafuliae ɗin nan da hannunsa a gaban coci, yana kuka har ana riƙe shi. Sai ya jawo turmi ya zauna kusa da ni, ya sassauta murya.

"'Yata, a gidan nan babu mai hannu irin naki. Ki yi mana wani irinsa. Mu rataye shi a hayaƙin kicin, mu shafa masa man kwakwa, ya yi kamar tsoho."

Na ɗauka jabun za a aika wa Baturen. Na ce, "A aika masa da sabon?"

"A'a, ke ma dai. Mutumin masani ne, zai gane. Na gasken za a aika, sabon ya zauna a akwatinki. Mutanen Sailas sau nawa suke zuwa buɗe akwatinki?"

Na ce, "Baffa…"

"Ku yi shiru, bebiyarmu za ta yi jawabi," in ji Kemuwel. Matan da ke fasa ƙwanso suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da nawa.

Baffa ya tashi ya shiga ɗakina ba tare da ya tambaya ba. Ya fito da hoton babana, wanda yake sanye da farar riga ranar bikin coci. Ya tofa wa gilashin yawu ya goge da babban yatsa don ya fito tas a kyamara. Jan bilnat ya yi layi a kan goshin babana. Na tashi na zagaya bayan kicin, na amayar da rogon da na ci da safe.

Aka tsayar da magana ranar Litinin za a kai saƙon gidan waya a Auki. Ranar Juma'a Kemuwel ya miƙo min takarda da biro, ya nuna inda zan sa hannu. Na ce hannuna da ƙura, sai anjima. Da aka zuba shinkafa da kifin gwangwani na kasa sa hannu a kwano ɗaya da su. Ina kallon Baffa yana lasar yatsu yana tambayar Kemuwel ko dalar Ostareliya ta tashi yau.

Na yi tunanin inda zan ɓoye shi. A tsibirinmu babu ɗakin da Baffa ba zai iya shiga ba. Idan na kai wa limamin coci, Baffa dattijon coci ne, da kansa zai je ya karɓo. Gida ɗaya ne kawai a duk yankinmu na Langalanga da ba zai iya zuwa ya ce a ba shi ba.

Ranar Asabar, bayan maza sun fita kamun kifi, na naɗe tafuliae ɗin cikin tawul, na sa a kwando, na tura kwalekwale. Shekara takwas ban taka tsibirin su Sailas ba, ko a kasuwa muka haɗu hanya nake canzawa. Da na ɗaure kwalekwalen na hau kan duwatsu, bakin jan ƙyallen ya leƙo daga cikin tawul.

Dokas, matar Sailas, ita ta fara gani. Ta saki tukunyar da ke hannunta.

"Wayyo! Ta dawo da shi! Sun dawo da shi!"

Sai a lokacin na tuna abin da mayar da diyya ke nufi. An fasa sulhu ke nan, jini ya dawo sabo. Mata suka fara jan yara cikin ɗakuna. Maza biyu da ke gyaran taru suka miƙe, suna leƙen bayana ko akwai wasu kwalekwalen. Sailas ya fito daga ɗaki. Ya tsufa, kansa fari fat. Ya tsaya nesa da ni.

"'Yar Filimon," ya ce. "Wa ya aiko ki?"

Mutum ya kai talatin suna kallona. Na san idan na yi shiru irin na gida, kafin yamma wani zai ɗauki adda.

"Babu kowa, Baba," na ce. Muryar ta fito da ƙarfi har ni kaina na tsorata. "Ba mayarwa na zo yi ba. Sulhu yana nan. Ajiya na kawo."

"Ajiya? A gidana?"

Na faɗa masa komai, a tsaye, a gaban jama'a. Tutar, da dubu ɗaya da ɗari takwas, da rubutun Kemuwel, da jabun da aka ce in yi, da hoton. Da na zo kan hoton Dokas ta toshe baki da zane.

Sailas ya matso ya buɗe tawul ɗin. Ya bi silin da yatsa har ya kai wani ƙulli.

"Uwata ce ta ƙulla wannan," ya ce. "Idonta ya riga ya tafi, da laluben hannu ta yi. Wata goma sha huɗu babu wanda ya sayar da ko sarƙa ɗaya a gidan nan, duk jan ƙwanson da aka samu nan ya shiga." Ya juya ya tofar da yawu a kan duwatsu. "Batolomiu. Tir."

Ya kira Dokas ta kawo sabuwar tabarma. Ya naɗe shi a ciki da kansa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Na 'yar Filimon ne. Ranar da ta zo da ƙafarta zan ba ta. Duk wanda kuma yake so, ya zo nan ya faɗa min abin da zai yi da shi."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baffa na zaune a bakin ruwa, bai ɗago ya dube ni ba. Kemuwel ne ya tare ni da kwamfuta a hannu.

"Kin san abin da kika ja mana? Na mayar masa da kuɗinsa, kuma dalarsu ta motsa tun ranar Alhamis. Da kuɗin canji da komai, ɗari uku da arba'in na kuɗinmu muka yi asara. Ɗari uku da arba'in, Merilin! Wa zai biya?"

Na wuce shi na shiga ɗakin Baffa, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauko hoton babana daga kan tebur, na fito na ɗebi ruwa da sabulu. Baffa bai je tsibirin su Sailas ba, har yau.