Kwana Uku Kafin Arba'in ɗin Zuwaira

Ina cikin daka kanwa na jiyo ta ta bayan katanga. Ba kuka take ba, numfashi ne, yana fita da ƙyar kamar ana jan tabarma a ƙasa. Na jingine taɓarya na zaga.

Zuwaira ce, 'yar maƙwabciyata Hajo, wadda ta dawo gida, ƙauyenmu Turawa, daga Ruwan Bago don wankan haihuwar fari, a shekarar da aka yi ƙidaya. Tana zaune a kan kifaffen turmi, Hajo na tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata. Tururi ya rufe ta, ba na ganin komai sai ƙafafu, su kuwa sun yi suntum. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

Hajo ta ce sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara wuta. Ni kuma da bakina da ba ya shiru, na ce a ƙara kanwa ma, ai 'ya'ya bakwai na haifa, da ita na warke. Kanwar da nake dakawa ta kununta ce.

Ranar kasuwar Karaye Sabi'u mijin Zuwaira ya zo, muka kai ta asibitin sha-ka-tafi. Malamar asibitin ta daɗe tana sauraron ƙirjinta. Ta ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. A daina kunun kanwa, a kashe wutar ƙarƙashin gado, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, kuma a wuce da ita Kano yau yau. A hanyar dawowa na yi ta sheƙa dariya, wai yarinyar da ko goyo ba ta taɓa yi ba ce za ta koya mana jego. Hajo ta ce babu inda mai jego za ta sake zuwa sai ta cika arba'in. Sabi'u ya sunkuyar da kai, ba ya musu da surukarsa.

Daga nan Zuwaira ta daina iya kwanciya, a zaune take barci. Rana ta talatin da bakwai na kai mata kunu da hantsi, ta kama bakin zanena.

"Inna Turai, in na kwanta sai in ji kamar ana ɗura mini ruwa. Ki roƙar mini Innata ta bar ni haka yau."

Na ce ta daure, saura kwana uku. Ni na riƙe mata ludayin har ta shanye. Ta cika bayan la'asar, jaririyarta na barci a gefenta. Har yau ban yafe wa bakina ba.

Washegari da sanyin safiya ina shara sai na ji ƙarar ganye a bayan katanga, fyat, fyat, daidai lokacin da aka saba. Na taka dutse na leƙa.

Hajo ce. Ta hura wuta, ta tafasa ruwa, tana tsoma ganye tana fyaɗa wa turmin da babu kowa a kai.

"Saura biyu, Turai," ta ce, ba ta juyo ba.

Tururi na tashi daga jiƙaƙƙen turmin, yana tsallako katanga yana shigowa tsakar gidana.