Maki Uku

A kamfaninsu Mai Harshe suke kiran maigidana. Shekara goma sha ɗaya aikinsa ke nan: ya bi rassan kamfanin na sayar da boga, wato burodi mai nama a tsakiya, da ke kan manyan hanyoyi, ya shiga kamar kowane matafiyi, ya ci, ya ba da maki daga ɗaya zuwa goma. Reshen da ya samu ƙasa da huɗu sau biyu a jere, kukunsa ya kama gabansa. Abin da kamfani bai sani ba shi ne, wata takwas da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi ba ya jin ɗanɗanon komai. Ko gishiri aka zuba masa a baki, yashi yake ji.

Ni na zama harshensa. Mukan zauna da faranti biyu, in gutsura, in tauna, sannan in jera soyayyen dankali a gefen farantina. Yawan dankalin shi ne makin. Sauran bayani sai a mota, yana tuƙi ina zuba: naman ya bushe, burodin ya kwana, an cika miya don a rufe laifi. Ba yabon kai ba, rahotonsa har ya fi na da armashi.

Makon jiya muka tsaya a reshen da ke kusa da tashar manyan motoci, inda wani dattijon kuku yake. Bai taɓa samun ƙasa da takwas ba. Na gutsuri bogarsa, sai na ji kamar na tsotsi tsohon cokali, ga ƙarni ga tsatsa. Na jera uku. Maigida ya dubi dankalin, ya dube ni, ya tambaye ni da ido ko na tabbata. Na harare shi. Tun yaushe kurma ya fara gyara wa mai kiɗa hannu? Ya rubuta uku.

Bayan kwana huɗu na gane dalili. Shayi ma ƙarfe yake yi mini a baki, ruwa haka, warin albasa a mai kuwa sai da ya kai ni banɗaki da gudu. Na sayo abin gwajin ciki a kemis, ya nuna layi biyu. Shekara tara da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Amma Allah ya gafarta mini, kafin murna ta zo, dattijon kukun nan ne ya faɗo mini a rai. Na ce gobe zan gaya wa maigida, idan na ga likita. Kafin goben Manajar kamfanin ta bugo masa waya, ta ce gwaji na biyu da ita za a yi.

Mun same ta a teburin da ke jikin taga, 'yar siririya da tabarau, ta ajiye fayil a gabanta. Ta amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa, ta ce ta ji labarin ina raka shi. Wannan karon ba ɓoye-ɓoye, an gaya wa kuku. Daga inda nake ina hango shi ta tagar kicin, yana ta goge hannu a jikin farar rigar aikinsa, hannun da ba abin da ya taɓa.

Da kansa ya kawo mana, faranti biyu, ya koma gefe ya tsaya.

"Ni likita ya hana ni nama," in ji Manaja. "Da harshenka na dogara, Mai Harshe. Idan ƙasa da huɗu ce, Baba zai ajiye aiki yau. Ka san ƙa'ida."

Maigida ya ɗauka, ya juya ta, ya danna burodin da yatsa, ya gutsura yana lumshe ido kamar gaske. Ni ma na gutsura. Tsatsar nan dai tana nan. Ban sani ba ko bogar ce, ko ni ce, kuma ba ni da hanyar sani.

Ya ɗauki biro, yana satar kallon farantina. Na ajiye dankali ɗaya. Na ajiye na biyu, na uku. Nan harshena ya ce in tsaya. Na riƙe na huɗu a hannu ina lissafi. In na bar uku, Manaja ba za ta yi musu ba, mu tafi da aikinmu, dattijo ya tafi gida. In na jera tara, gobe fa? Rassa goma sha biyu ne a gabanmu, kowanne da kukunsa da iyalinsa, ni kuwa bakina zai yi watanni yana ƙarya. Tsoro ya kama ni, na rasa wanda ya fi girma.

Maigida kuwa da ya ga na daɗe ban ƙara ba, sai ya kai biro kan takarda. Na ga ya fara lanƙwasa ukun.

Na sa hannu na watsa dankalin. "Kar ka rubuta."

Manaja ta cire tabarau. Ta dubi dankalin da ya zube, ta dubi mijina, ta tambayi abin da ke faruwa a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ciwo.

"Bakina ba daidai yake ba kwanakin nan," na ce.

"Ina ruwan bakinki da makin?"

Da ya so, da ya ce matarsa ce take shirme. Na ga maganar ta zo masa har leɓe. Sai ya ajiye biron, ya ce wata takwas ke nan bai ji ɗanɗanon komai ba, duk makin da ya turo nawa ne, har da ukun.

Manaja ba ta ɗaga murya ba. Ta ja layi a kan ukun da ke cikin fayil, ta ce ya kai mota da katin aiki ofis ranar Litinin. Dattijon ne ya ƙarasa mu.

"Kwana bakwai ban yi barcin kirki ba, ɗana. Na canja mai, na canja gishiri, har mai kawo mini nama na yi wa faɗa, bawan Allah bai ji ba bai gani ba."

Ya kwashe farantan. Da za mu fita sai ga shi da boga ɗaya a naɗe cikin takarda, ya miƙa wa maigida. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun yi tafiya mai nisa. Can maigida ya tambaya, idonsa a kan titi, "Me ya sami bakin naki?"

Na gaya masa.

Ya sauka gefen hanya, ya kashe mota, ya kifa goshi a kan sitiyari. Kafaɗunsa suna rawa, ban san dariya yake ko kuka ba.

"Wato wanda ko haƙori bai da shi," ya ce, "shi ya ba bawan Allah uku."

Sannan ya warware takardar, ya cinye bogar tas, yana ci yana share ido da bayan hannu. Ni na buɗe gilashi saboda warin.